Buhu Uku a Zauren Bappa

…kuma bai ce guba ba. Nan ya yi sake. Ya'u yana taka keken da ya ara a Gwarzo, sarƙa tana kuka, kalmar tana bin sa a baya. Me ya ce wa Bappa ranar da motar jami'a ta sauke buhu uku na irin gyaɗa a zaurensa? "Bappa, kayan jami'a ne, kada a taɓa sai sun zo." Shi ke nan. Ɗan boko, shekara biyu yana karatun aikin gona, bakinsa ya kasa ɗaga kalma ɗaya! Tsoro ya ji. Da Bappa ya san jan garin da aka shafe irin da shi yana kashe mutum yadda yake kashe ƙwaro, da ko kusa da gonarsa buhun ba zai je ba, gwaji ya wargaje, digiri ya bi shi. Takardar da ke jikin buhun, mai hoton ƙoƙon kan mamaci, wa ya yanke ta? Shi. Tana nan cikin aljihunsa, ta jiƙe da gumi.

Taka, Ya'u, taka…

Jiya a aji, malami yana karanta sanarwa kamar mai karanta sunayen 'yan makara. Gwamnati ta ce alkama take so yanzu, noman rani. To jami'a ta ji, ta bi. An dakatar da duk gwajin gyaɗa, ɗalibai su koma fadamar ban ruwa, mota ma ta koma can. Sai alherin da ya biyo baya: an rubuta wa dagatai cewa kayan gwajin da ke ƙauyuka an bar wa manoma kyauta. Kyauta! Yaushe aka aika? Mako guda ke nan. Wa ya tuna da jan gari? Mai rubuta wasiƙar bai taɓa ganin buhun ba. A ba Ya'u mota? Babu. A ba shi izini? Litinin jarrabawa, wanda bai zauna ba ya sani. Ya fito dai.

Kabo ta wuce. Yau kasuwa ke ci, jakuna, mata, ƙura, sai kauce-kauce yake. Ga tsohuwa Yelwa da faifai a rufe a kanta, ta fito daga wajen Masanawa, ƙauyensu. "A'a, Ya'u na Bappa! Lafiya da rana tsaka?" Bai tsaya ba. "Lafiya lau, Iya, Allah ya ba da kasuwa!" Ya wuce.

Wataƙila Bappa ya shuka. Me zai hana? In ya shuka, shi ke nan, ƙasa ta shanye… Ƙarya kake, Ya'u, ka san mutuminka. Bappa da ya rene ka tun rasuwar babanka, yaushe ya taɓa zuba wa gonarsa irin da bai ga uwarsa a tsaye ba? Gefen gona kawai ya ba jami'a, shi ma don kunyarka. Kuma a gidan nan, gyaɗar da ba ta shiga ƙasa ba ta Inna Marka ce, matar Bappa, tun yana yaro haka yake. Ta soya, ta daka, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Hannunta mai maiƙo tana cusa masa na farko a baki, da zafinsa, tana cewa ci, ɗan marayana…

Ba za ta taɓa jan abu ba. Za ta ji wari. Za ta tambaya. Wa za ta tambaya? Bappa, wanda ya ce mata jami'a ta yafe? Za ta wanke ne. Inna da tsafta! Za ta wanke sau uku, ta shanya, ta ce ja ya fita. Ba ya fita, Inna, ya shiga ciki, malami ya faɗa, ya rubuta a allo, Ya'u ya kwafa har da ja masa layi.

Ya Allah, ka sa tana zazzaɓi. Ka sa turmi ya tsage. Ka sa dagaci ya ɓatar da wasiƙar.

Masanawa. Bishiyar ɗorawa, rijiya, katangar gida. Ƙafarsa ta sauka da kanta. Rariyar da ke gindin katanga — ƙasar wurin ja ce, kuma ta bushe. Ba wankin yau ba ne. Ƙanshin man gyaɗa ya cika zaure. Buhu biyu a jingine, na ukun a ninke, an ɗora buta a kai.

Ba a jin daka. An gama ke nan. In an gama, ina ƙulin? Inna ba ta fita, ba ta taɓa kai kaya kasuwa da kanta ba, kullum ranar kasuwar Kabo akwai mai zuwa ta ɗauka mata, tsohuwar nan, mai…

Faifai a rufe.

Yelwa. Ya wuce ta a hanya. Har da bakinsa ya ce Allah ya ba da kasuwa.