Allurar Bijimai

Ma'azu ya yi ɗage zai ciro ludayi daga kan danki, ragayar ƙoren nono, hannunsa bai kai ba. Kakarsa Hamsatu tana kallo, abin ya sosa mata rai. Sa'anninsa har sun fara bin shanu kiwo, shi kuwa kamar bara aka yaye shi.

A zamaninta, a rugarsu ta bayan Matsinkai, tatsar farko ta yara ce. Sai sun sha sun ture ƙwarya sannan a yi zancen kasuwa. Kai, an ji daɗi a da! Yanzu nono da ɗuminsa mai babur ke ɗaure shi ya nufi kasuwar Lolo, jikan nata ya wuni a kan tsararon kunu.

*

Da ita da uban yaron suka kai shi asibitin Bagudo, malamar jinya ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai wani furotin da hanta ke yi, shi ke bin jini yana sa ƙwayoyin ƙashi da na tsoka su hayayyafa. In yaro ya rasa nono ko ƙwai ko kifi, hanta ta rage yin sa, girma ya tsaya cak.

Manu, uban yaron, mutum ne mai son gajeriyar hanya. Yana da allurar da yake yi wa bijimai don su yi ƙiba kafin Layya, wadda ake shigowa da ita daga Benin. Tun zuwan Shari'a an rufe gidajen giya, amma kwalaben wannan allura ba mai ce musu uffan.

"Inna, bijimi ma ya tashi da ita, balle ɗan mutum."

"Bijimin sai da ya tsotsi uwa tai tukuna," in ji Hamsatu.

Ya bari ta tafi rijiya, ya tsira wa yaron allurar a cinya.

*

Kumatun Ma'azu suka ciko, maƙwabta har da yin barka. Hamsatu kaɗai ta san kumburi daban, ƙiba daban. Ba a jima ba cinyar ta tara ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ran nan Manu da kansa ya sallami mai babur hannu wofi, ya kawo ƙwarya cike, idonsa a ƙasa. Hamsatu ta ɗago kan yaron, ta kai masa baki. Haƙoransa a datse, ya kau da kai.

Ta zauna riƙe da ƙwaryar har nonon ya huce, ƙudaje suka fara sauka.