Ranar da Aka Hana Malam Mani Magana

A Sheme, idan Malam Mani ya tare ka a bakin titi, gara ka nemi wurin zama tun da wuri. Dillalin hatsi ne, kuma Allah ya hore masa baki. Kafin ya gama gaishe ka shayinka ya huce, kafin ya faɗi kuɗin buhu ka ji labarin wanda ya noma shi da na surukansa.

Da damina ta gabato, ya je wani ƙaramin bankin manoma a Ƙanƙara neman rancen taki, ya ce zai jinginar da gonarsa ta hanyar Daudawa. Banki ya haɗa shi da wani matashin ma'aikaci, Mas'ud, ya je ya gano gonar. Gonar Malam Mani 'yar siririya ce, daga kwalbati zuwa wata tsamiya. Daga tsamiyar har gindin dutse kuwa ta maƙwabcinsa ce, Baba Ɗanhausa, wani dattijon Kirista da ba ya son surutu. Amma abin da ya shiga takardar banki shi ne: daga kwalbati har dutse.

A shekarar, tsutsa ta cinye masara, Malam Mani ya kasa biya a kan lokaci. Mutanen banki suka zo suka kafa allo a tsakiyar dawar Baba Ɗanhausa cewa gonar tana hannunsu. Dattijon ya tumɓuke allon ya kai gida, matarsa Tabita ta toshe ƙofar garken awaki da shi. Daga nan magana ta kai ga 'yan sanda, aka tuhumi Malam Mani da zamba, wai ya jinginar da gonar da ba tasa ba.

Matarsa Suwaibatu ta kira ɗiyar ƙanwarta daga Damari, Barista Shafa'atu. Ta zo ta zauna a zaure, ta ce, "Baba, ranar da kuka je gonar da yaron banki, mi ka ce mashi?"

"Na nuna da hannu."

"Ina hannun ya tsaya?"

"Haba ɗiyata, hannu yana da birki ne?"

Gaskiyar magana, labarin kakansa yake bayarwa a ranar: yadda tsohon ya sare dajin nan har dutse, kafin ya sayar wa mahaifin Baba Ɗanhausa rabin sama ya yi aure da kuɗin. Ko labarin ya kai ga maganar sayarwar kafin su juyo, shi kansa ba zai rantse ba. Ya gyara zama zai faro mata daga farko, ta ɗaga hannu.

"Baba, saurara. Su suka kawo ƙara, su za su nuna wa kotu cewa ka faɗi ƙarya, ka san ƙarya ce, kuma saboda ita banki ya ba ka rance. In suka gama kiran shaidunsu ba su nuna haka ba, zan roƙi alƙali ya sallame ka ba sai ka kare kanka ba."

"Ba sai na yi magana ba?"

"Ko tari ban yarda ba. Kana buɗe baki za ka ba su abin da ba su da shi."

Malam Mani ya ce to, amma a ransa ya ce yarinya ce. Wane alƙali ne zai ga mutum kamarsa a gabansa ya bar shi ya tafi bai ji daga bakinsa ba? Ya shiga shiri. Yana kan hanyar masallaci yana bita, yana auna hatsi yana bita. Ya tsara inda zai sassauta murya, da inda zai cire hula, da inda zai ambaci marayun ƙanensa. Ya aika wa dangi a Daudawa da surukai a Damari cewa su zo Ƙanƙara su ji yadda ake bayani.

Ranar shari'a kotun majistare ta cika. Malam Mani ya shiga akwatin wanda ake tuhuma cikin babbar riga mai sitaci. Suwaibatu ta zauna daidai inda zai riƙa ganinta, ta ɗora yatsa a leɓe tun kafin alƙali ya shigo.

Sufeto Yahya, ɗan sanda mai gabatar da ƙara, ya fara kiran Baba Ɗanhausa. Ya ce, "Baba, gonar da ke tsakanin tsamiya da dutse ta wa ce?"

"Tawa."

"Ka ba wanda ake tuhuma izinin jinginar da ita?"

"A'a."

Barista Shafa'atu ta miƙe. "Baba, ka taɓa jin ya ce gonarka tashi ce?"

"Ban ji ba. In na hango shi ta tsamiya, gindin dutse nake komawa da fartanyata."

Aka yi dariya. Malam Mani ya ji abin har cikin ƙirjinsa. Ashe duk shekarun nan da yake ɗauka tsohon kurma ne, guje masa yake yi? Ya buɗe baki, ya haɗa ido da Suwaibatu, ya mayar ya rufe.

Sai aka kira Mas'ud. Ya zo da takalmi mai sheƙi, ya yi bayani tsaf: ya je, an nuna masa, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Sufeto Yahya ya zauna yana murmushi.

Barista ta ce, "Malam Mas'ud, ka taka gonar da ƙafarka?"

Ya ce, "Kin san halin da hanyar nan take ciki. Ba a daɗewa a wurin."

"Ka sauka daga mota?"

"Ban sauka ba."

"Ka kashe ta?"

"A'a."

"Hoton fa?"

"Ta gilashi."

"Gilashin a buɗe ko a rufe?"

"A rufe. Shi ya sauka, ya tsaya kan kwalbati yana ta nuni."

"To ka faɗa wa kotu kalmomin da ya faɗa, waɗanda ya ce gonar tashi ce har dutse."

Mas'ud ya share goshi. Ya dubi Sufeto, Sufeto ya dubi silin. Alƙali ya ce, "Shaida, amsa tambaya."

"Ranka ya daɗe, in faɗi gaskiya, tun muna fita Ƙanƙara yake magana. Kafin mu kai rabin hanya na sa abin sauraro a kunne. Ina dai gyaɗa mashi kai."

Kotu ta kece. Malam Mani kuwa duniya ta juya masa. Duk labarin kakan nan, da sarar dajin, da kurar da aka kashe a gindin dutse, ashe waƙa yaron nan yake ji! Ya riƙe katakon akwatin, ya cika ƙirji da iska, ya ce, "Ranka ya..."

"Baba!" in ji Barista, ba ta ko juyo ba.

Ya haɗiye sauran. Sai da maƙogwaronsa ya yi ƙara, har magatakarda ya ɗago kai.

Da Sufeto ya ce shaidunsa sun ƙare, Barista ta gabatar da roƙonta. Ta ce ba wanda ya musa cewa takarda ta haɗa da gonar wani, amma wanda ya rubuta ta bai ji komai daga bakin wanda ake tuhuma ba. Sufeto ya miƙe ya ce ai Malam Mani ya dangwala hannu a kan takardar, kuma ya yi nuni. Ta ce da Turanci aka rubuta ta, ba shaidar da ta ce an karanta masa, nuni kuma ba wanda ya ce ga inda ya tsaya.

Bayan hutun azahar alƙali ya dawo. Ya ce a wannan mataki ba a tambayar ko kotu ta gamsu da mutum; abin tambaya shi ne, in aka ɗauki duk abin da masu ƙara suka kawo a matsayin gaskiya, akwai abin da zai sa a ce ya tashi ya kare kansa? Ya ce a nan babu, don ba a kawo ko kalma ɗaya ta ƙarya da aka ji daga bakinsa ba. "Saboda haka kotu ta sallami wanda ake tuhuma."

Dangi suka ɗauki kabbara. Malam Mani ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ranka ya daɗe, ni fa ban ce komai ba."

"Shi ya sa za ka kwana a gida, Malam."

"Ko kaɗan ne, don mutane sun taso daga nesa..."

"A kira ƙara ta gaba," in ji alƙali.

A waje ana ta yi masa barka, shi kuwa fuska a murtuke kamar wanda aka ɗaure. Wani surukinsa daga Damari ya ce, "Malam, mun biya mota don mu ji bayani." Ya gyara murya zai fara. Barista ta ja shi gefe ta ce, "Baba, laifin zamba ne aka wanke ka, rancen yana nan. Gobe za mu je mu zauna da mutanen banki a tsara biya. Ni zan yi magana."

"Can ma?"

"Can ma."

Suna tsaye Baba Ɗanhausa ya ƙaraso yana dogara sanda. Ya dubi Malam Mani sama da ƙasa, ya ce, "Ranar Asabar ka zo da gatari. Za mu sari cini-da-zugu mu dasa shinge a kan iyaka, daga tsamiya har hanya."

"To Baba. Ai dama tun zamanin..."

"Gatari kawai," in ji tsohon.

Suwaibatu ta kama hannun babbar rigar mijinta ta ja shi wajen mai tuwo, don tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya ci malmala uku, ya nemi ƙarin miya, surukan suka biya.