Kekunan da aka kulle a sito

Eugène ne ya kulle kekunan. Kada wani ya zo yana ɗora wa ruwa laifi, ko ya ce ƙaddara. Eugène, shugaban gidan naƙasassun nan da ke gangaren bayan gari, dab da kogin Binuwai, shi ya sa aka tattara kekunan guragu aka zuba a sito, ya ɗana kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Wai mazauna gidan suna fita gari, baƙi masu kawo taimako sai su tarar da gadaje babu kowa, shi kuma ya ji kunya.

Cikin kekunan har da na Ilyasu, ƙanen Iyatu mai suyar kifi. Gurgu ne tun yana yaro, amma bai taɓa zama kaya a wuyan kowa ba. Yana da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwar Garwa, yana da ɗakinsa, masallacin unguwa ma an san wurinsa a ƙarshen sahu. Moto ce, wato babur, ta buge shi ya karye a ƙugu. Daga asibiti aka wuce da shi gidan nan, wai sai ya warke. Ƙashi ya haɗe tuni, aka ƙi sakinsa.

Iyatu ta yi sintiri har ta gaji.

"Musye Eugène, ka ba ni ƙanena."

"Mama, a nan yana ci yana sha, yana kwana kan katifa. Me za ki ba shi?"

"Ɗakinsa zan ba shi."

"Irinsa ba ya iya zaman gari."

"A garin ya yi furfura! Kana ina lokacin?"

Eugène ya yi dariya, ya ce mai gadi ya raka ta.

Ilyasu ma ya gwada. "Adda," ya ce mata ƙasa-ƙasa wata rana, "na gaya masa babu dokar da ta ce a tsare mutum don ba shi da ƙafa. Ya ce to in taka in je in kai ƙara."

Sai damina ta kankama, kogi ya fara cika. Ran nan bayan azahar Iyatu tana bakin kasko, masunta suka iso suna cewa ruwa ya haye gaɓa ta gangare. Ta bar mai a kan wuta. Mai moto ya kai ta inda kwalta ta ƙare, ya ce ko da wuƙa ba zai ƙara gaba ba. Ta tattare zane ta shiga.

Ƙofar gidan a buɗe take, mai gadi ya tafi kwashe iyalinsa. Eugène ya fita tun safe, wai neman babbar mota. Françoise mai dafa abinci ce kaɗai ta rage, tana jan wata tsohuwa a kan tabarma tana kuka. Da safen nan hanya a bushe take. Da kekunan suna hannun masu su, da kowa ya murza nasa ya haye tudu kafin rana ta take. Iyatu ta ɗauki dutse ta yi ta dukan kwaɗon sito har fatar hannunta ta saɓule. Ƙofar ƙarfe ce, ko gezau.

Ɗakin maza shiru, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Kowa yana zaune tsakiyar gadonsa, ya tattara jikinsa, yana kallon ƙasa. Ruwa ja, mai wari, ya kai rabin ƙafafun gadaje. Kwanuka da butoci suna yawo. Wani abu dogo ya gilma ta ƙarƙashin taga, ba wanda ya faɗi sunansa.

Ta juya wa Ilyasu baya ta durƙusa. "Hau."

"Adda, ni da gemuna?"

"Hau, don Allah, kada ka ɓata mini lokaci! Ni na goye ka kana majina, yau ne za ka yi mini kunya?"

Ta ɗaure shi da mayafinta, ta ja kulli a ƙirji. A gadon kusa akwai Gaston, dattijo daga yankin duwatsu, wanda aka yanke wa ƙafafu biyu. Shi ne abokin hirar Ilyasu, suna musun addini suna raba goro.

"Mama Iyatu," in ji Gaston, "ba ni da nauyi, rabin mutum ne ni." Ya yi ƙoƙarin dariya.

"Zan dawo, Baba."

"To. Ina nan. Ina zan je?"

A waje ruwa ya kai mata ciki, sannan ƙirji. Ba ta ganin inda take takawa, ta kuma san akwai ramin kwalbati a hanyar, ba ta tuna ko dama ko hagu ba. Ruwa yana fizgar siraran ƙafafun Ilyasu, yana neman juya su duka. Shi yana salati a kunnenta.

"Adda, in kin ji zan ja ki, ki kwance ni."

"Rufe mini baki!"

Daga ƙarshe ƙafarta ta taɓa kwalta. Ta sauke shi, ta juya za ta koma, mutane suka rirriƙe ta. Ta ciji wani. Sai da la'asar masu kwale-kwale suka shiga suka kwaso waɗanda suka samu. Gadon Gaston babu kowa. Wanda ke kusa da shi ya ce da ruwa ya taɓa katifa, sauka ya yi, wai zai ja jiki ya tarye ta a ƙofa.

Yanzu Ilyasu yana ɗakinsa. Amma Eugène ya zo har unguwa da mota da jandarma, ya ce Iyatu ta ɗauke mazaunin gida ba izini, da zarar gini ya bushe za a mai da shi. Maƙwabta suka tsaya a bakin zaure har ya tafi. Tun ranar, in mota ta tsaya a layi, Ilyasu jan jiki yake ya shige bayan randuna. Namiji mai furfura! Iyatu ta dawo da kaskonta ƙofar ɗakinsa, ba ta yarda ta yi nisa.

Sau ɗaya ta bar shi, ta je ofishin hukuma. Aka ce ta zauna, ta ƙi. Ta tsaya tsakiyar mutane, ta ɗaga murya.

"Ni ban yi boko ba, ku kuka yi. Ku faɗa mini laifin da ƙanena ya yi da za a sake ɗauke shi daga cikin mutanensa. Gaston yana da 'ya a garin Yagoua, har yau ba wanda ya je ya gaya mata. Ku kira Eugène nan, ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi inda dattijon nan yake!"