Saiwar Tana Waje

Wasiƙar ta zo a makon farko na Fabrairu, da sunan kakana a bayanta: Wilfred Ardron, fegi na sha bakwai. Shi kuwa tun Kirsimeti yana kwance a gidan kula da tsofaffi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ni na buɗe ta.

Kwamitin lambunan Hollin Bank ne ya rubuto. Sun ce dokar wurin ita ce kashi uku cikin huɗu na kowane fegi ya kasance da shuka, na Kaka kuwa ciyawa ta cinye shi. Za su zo dubawa ranar Asabar ɗin ƙarshe ta watan Yuni. Idan an gyara, tunda Kaka ya taɓa sa sunana a matsayin mai taya shi, za a mayar da fegin hannuna. Idan ba a gyara ba, akwai mutum sittin da ɗaya a layi, wasunsu shekara takwas suna jira.

Shekara arba'in da uku Kaka ya yi yana noman wannan fegi. Ya karɓe shi tun yana sauka ramin kwal, da aka rufe ramin kuma nan ya mayar da ransa. Ni ce jikarsa da ta tafi jami'a ta karanto kimiyyar sinadarai, ta dawo garin da ta rantse ba za ta sake zama a cikinsa ba. Na naɗe wasiƙar na sa a aljihu, na ɗauki makullin ƙofar lambun daga ƙusar da yake rataye shi.

Abin da na tarar ya fi abin da aka rubuta muni. Ashe Kaka ya shekara yana ɓoye mana rashin ƙarfinsa. Ƙaya ta haye shingen, ciyawa ta kai gwiwa, kabejin bara ya ruɓe a tsaye. Ɗakin gilashin rainon tsiro ne kaɗai bai canza ba, wanda ya haɗa da hannunsa daga tsofaffin tagogin wata makaranta da aka rushe. A ciki itacen inabinsa ya bi rufin ya cika shi da rassa busassu, sun sarƙe kamar gashin da aka daɗe ba a taje ba.

Ina tsaye ina kallo sai ga Mista Sugden, mai fegi na sha takwas, ya jingina da shinge da kofin shayi a hannu. Tare suka yi aikin rami da Kaka, kuma ɗan kwamiti ne. Tun ina ƙarama yake ce mini Farfesa, tun kafin in san ma'anarta. Ya tambayi jikin Wilf, kamar yadda suke kiran Kaka, ya tambaya ko a jami'ar an koya mana wane gefen shebur ake sa wa ƙasa. Sannan ya nuna ɗakin gilashin da haɓa.

"Wannan dai kada ki taɓa shi, yarinya. A Disamba ake datse shi, yana barci. Bana an makara. Ki bar shi da gashinsa."

Na ce na gode, amma na iya karatu.

"Itacen ne bai iya ba," in ji shi, ya kurɓi shayinsa.

Na fara da abin da hankalina ya ba ni. Na sayo baƙin tamfol na rufe duk inda ciyawa ta yi ƙarfi, har da siririn filin da ke bayan ɗakin gilashin, na danne da bulo. Duhu zai kashe ciyawar, ni kuma in riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan ina haƙawa. Da safe ina aiki a kantin magani, da yamma ina lambu har sai haske ya ƙare. Ƙasarmu yumɓu ce, idan ta jiƙe takan riƙe shebur kamar mai bin sa da gaba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka bushe, wasu suka fito a kansu. Tsofaffin wurin sukan wuce da baro su rage tafiya daidai shingena. Ni kuwa ban ɗago kai ba.

A tsakiyar Maris aka yi kwana uku ana rana. Ɗakin gilashin ya ɗumama, na shiga na dubi rassan nan da suka toshe haske, ga tiren tumatir ɗina a ƙasa suna neman rana. Littafin da na aro ya ce cunkoson rassa yakan jawo cuta. Gaskiya ya faɗa. Ya kuma faɗi lokacin datsa a wani shafin, na gani da idona, amma muryar Sugden ce na ji a cikin shafin, sai na rufe shi. Na ɗauki almakashin Kaka na datse itacen tsaf, har da manyan rassa biyu da na yanke da zarto.

Washegari da na buɗe ƙofar, sai na ji ɗiga. Kowane wurin da na yanke yana zubar da ruwa, fari tas, yana sauka a kan siminti. Na ɗaure da tsumma, ya jiƙe. Na narkar da kyandir na shafa, ruwan ya ture kakin ya fito ta gefe. Na jera tsofaffin gwangwanaye a ƙasa, kowace yamma in tarar sun cika. Kwana tara ana haka. A rana ta huɗu Sugden ya leƙo ta gilashi, ya ga gwangwanayen, ya ga ni. Na jira zolayar, na ma shirya amsarta. Sai kawai ya cire hularsa ya sosa kai, ya koma wurin albasarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na duƙufa jinyar itacen. Kullum sai na zuba ruwa a gindinsa daga ciki, inda kututturen ya kwanta a ƙasan bango, na haɗa masa abincin tsiro na ruwa daidai ma'auni. Afrilu ya zo da fari, mako uku ba ruwan sama. Inabin wata mata a fegi na shida ya fitar da ganye. Nawa ko toho.

Ina zuwa wurin Kaka Laraba da Lahadi. Nakan ba shi labarin dankali da wake, in nuna masa hotuna a waya, kuma ban taɓa ɗaukar hoton rufin ɗakin gilashin ba. Wata Lahadi ya riƙe wayar da hannunsa mai lafiya, ya yi ta ture hotunan da babban yatsa har suka ƙare, sannan ya dube ni. Na gane abin da yake nema. Na faɗa masa duka, ban rage ba, har da gargaɗin Sugden da na ƙi ji.

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. Na sha faɗa zai yi.

"Me... kika ba ta?" Shi kullum mace yake ɗaukar itacen.

Na ce ruwa da abinci, kullum, a gindinta.

Ya girgiza kai, ya nuna taga da hannu, ya sake nunawa. "Waje," ya ce. "Saiwar... tana waje, Kee." Kee yake kirana tun ina ƙarama.

Sai abin ya faɗo mini. Tun ina yarinya nake ganin kututturen ya shigo ta wata kafa a ƙasan bangon, ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Haka tsofaffin nan suke dasa inabi: gindi a waje inda ruwan sama da sanyi za su same shi, kai a ciki inda ɗumi yake. Wata ɗaya na yi ina shayar da siminti. Bakin itacen kuwa na can bayan ɗaki, ƙarƙashin tamfol da bulo ashirin da na ɗora da hannuna tun Fabrairu.

Daga wurinsa lambu na wuce, da kayan fita a jikina. Na kwashe bulon, na yaye tamfol ɗin. Ƙasar ta daskare ta tsattsage kamar tsohon sabulu. Na sassauta ta a hankali, na ɗebo ruwa bokiti goma sha biyu daga famfon bakin ƙofa. A kan tudu akwai masu dawakai da suke barin mutane su kwashi tsohon kashin doki. Baron Kaka ƙafarsa ta karkace, hanyar kuma gangara ce mai duwatsu. Sawu goma sha ɗaya na yi cikin kwana uku. A sawu na bakwai baron ya kife a gaban fegin Sugden, na durƙusa na tattara da hannu. Ya fito da shebur ɗinsa zai taimaka, na ce na gode, na kusa gamawa. Ya jingina shebur ɗin a shingena ya tafi. Sai da ya ɓace na ɗauka.

Mayu ma bai bar ni ba. A mako na biyu sanyi ya dawo ya daskarar da raɓa, na zo na tarar ganyen dankalina ya yi baƙi, wakena ya kwanta gaba ɗaya. Kowa a wurin ya rufe nasa da jarida tun jiya, don sun karanci sararin sama, ni kuma wayata ta ce ba komai. Na tuge waken na sake shukawa. Dodon koɗi ya cinye latas layi biyu, na sake dasawa. Na zuba wa dankalin ƙasa a gindi, ya sake fitowa. A ƙarshen watan, ina ɗaure tumatir, na ɗaga kai na ga toho a reshen hagu na inabin, ja-ja, kamar kunnen ɓera. Na ƙirga tara. Reshen dama bai sake motsi ba har yau.

Ranar dubawa mutum uku suka zo. Misis Maureen Thackray, sakatariyar kwamiti, ita ce a gaba da allon rubutu da igiyar awo, sai ma'ajinsu, sai Sugden a baya. Mace ce da ba ta zalunci, ba ta kuma sassauci. Ta auna dankali, albasa, karas, wake, kabeji. Ta shiga ɗakin gilashin ta dubi tumatir, ta ɗaga ido ga rabin itacen da ya rayu. Kusurwar ƙasa da ban kai gare ta ba tana nan cikin tamfol, na san za ta cire ta, kuma na lissafa zan tsira da ƙyar. Sai ta zagaya bayan ɗakin, ta tsaya a kan filin da na jibge wa taki, ta ja igiyarta.

Ta ce tulin taki ba shuka ba ne. Idan aka haɗa wannan da kusurwar can, na gaza kashi uku cikin huɗu. Ta faɗa a hankali, har da cewa ta ga irin wahalar da na sha.

"Misis Thackray," na ce, "shuka mafi girma a fegin nan a kanta kike tsaye."

Ta ce ita abin da ido ya gani take rubutawa.

Na durƙusa na sa hannu cikin takin, na yi ta yayewa har na kai ƙasa. Ga su nan, sababbin saiwoyi farare, sirara kamar zare, sun hau cikin takin suna ci. Na bi ɗaya da yatsa har zuwa inda ta haɗu da tsohuwar saiwa mai kaurin hannuna, wadda ta nufi kafar bangon. Ban tashi ba, na ɗago kai na dube ta daga nan.

Ta juya ga Sugden ta tambaye shi ko haka ne.

"Ni na riƙe wa Wilf ita ranar da ya dasa, Maureen," in ji shi. "Saiwarta ta wuce nan ma, har ƙarƙashin albasata take sata. Farfesa ta so kashe ta a Maris, ta kasa. Ki rubuta."

Misis Thackray ta dubi saiwoyin, ta dubi gwiwoyina, ta soke wani abu a allonta ta rubuta wani. Ta ce in zo ranar Litinin in sa hannu, kuma tana son ganin kusurwar can a haƙe kafin lokacin kaka. Na ce za ta gani. Sai da suka wuce fegi na sha tara na mayar da takin kan saiwoyin.

Nonon inabi uku kacal itacen ya ba ni a shekarar. A Satumba na yanke mafi kyau na kai wa Kaka a cikin kwano. Lokacin haɗiya ta fara yi masa wuya, sai na matse ƙwaya biyu a cokali na sa masa a baki. Ya yamutsa fuska.

"Tsami," ya ce. Ya buɗe baki in ƙara.

Ya rasu a Nuwamba. Tsofaffin lambun duk sun zo coci da takalman fita da ban taɓa ganin su da su ba.

Mako guda kafin Kirsimeti na je fegin da safe, raɓa ta daskare a kan gilashi. Na wasa almakashin. Kafin in shiga, na tsaya a shinge na kira Mista Sugden, na tambaye shi idon toho nawa ake bari a kowane reshe. Ya ajiye kofinsa, ya ɗaga yatsu biyu. Na shiga na yanke reshe na farko, na tsaya ina kallon bakin yankan. Na daɗe a tsaye. Ko ɗigo bai fito ba.