Filin Baba Mai Kuɓewa

Shekara biyu cif Inna, mahaifiyata, ba ta taka ƙasa ba. Gidan hayarmu a hawa na uku yake, gwiwoyinta kuwa sun ce ba su san zancen matakala ba. Kullum tana bakin taga tana leƙen titi, abin yana cina a rai. Shi ya sa na tashi haiƙan neman fili, ko ɗaki biyu ne in yi mata a ƙasa.

Gyaran firiji nake yi, duk inda aiki ya kai ni idona na kan kangaye. Dillalai sun sha min man babur har na gaji. Rannan a bayan wata makaranta na gan shi: katanga rabi, mangwaro a kusurwa, ciki an shuka kuɓewa. An rubuta lambar waya da fenti a katangar, amma ruwan sama ya wanke lambobi biyun ƙarshe.

Na ce ai ɗari ce kawai, kullum in buga goma. Wani mahauci ya ce in na sake kiransa zan gane kurena. Wata mata ta ce ita ma fili take nema, in na samu in tuna da ita. Maiɗakina har da riƙe ciki don dariya: "Maigida, yau kuma wa ya zage ka?"

A lamba ta sittin na haƙura, na koma filin. Sai ga wani dattijo da fartanya. Na ce alhamdulillahi, ga mai fili! Na durƙusa na gaishe shi, ban yi zancen ciniki ba, don ba a yi wa babba gaggawa. Fartanyar na karɓa. Sati biyar, duk ranar hutu ina can ina noma, ina ba shi labarin Inna da tagarta, shi kuwa sai "Allah sarki." Hannuna har ya yi bororo.

Ran da na daure na ce, "Baba, nawa za ka sallama min?" sai ya dube ni galala.

"In sallama me, ɗana? Ni aro aka ba ni in riƙa nomawa kada a mayar da shi bola. Na ɗauka noman kake sha'awa."

Wallahi ji na yi kamar in haɗiye fartanyar. Sati biyar!

"Na Hajiya ne," in ji shi, "matar marigayi maigidana da na yi wa direba. Mutum tara ta kora. Kowa da zancen shaguna da sare mangwaron, alhali marigayi ne ya dasa shi da hannunsa." Ya laluba aljihu ya ciro wata tsohuwar waya ɗaure da roba. "Bari dai mu gani."

Ya kira Hajiya. Ba na jin abin da take cewa. Shi dai na ji yana cewa, "A'a Hajiya, wannan ba dillali ba ne. Mahaifiyarsa shekara biyu ba ta sauko daga bene ba. Sati biyar yana min noma, ko kuɓewa ɗaya bai nema ba."

Ya miƙo min wayar.

"Ɗana, mangwaron fa?" ta tambaye ni.

"Hajiya, a inuwarsa nake so Inna ta zauna."

Sai ta ce in zo jibi da shaidu, za ta fito da takardu.

Har gobe ban san da wane baki zan gode wa bayin Allahn nan biyu ba. Ran da aka sa hannu ban jira ko bulo ɗaya ba. Ni da ƙanena muka sauko da Inna a kan kujera, hawa uku, tana ta faɗa kada mu kayar da ita. Baba ya shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin mangwaron. Ta ce a ja tabarmar baya kaɗan. Ta cire takalma, ta cusa yatsun ƙafarta cikin ƙasar da na nome.

Sannan ta dubi Baba. "Malam, kada ka fasa shuka kuɓewar nan," ta ce. "Ni zan riƙa tsinka."