Turaren Hajiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Abduljalil bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba. Ba abin mamaki ba ne ga mutumin da aka haifa ya kuma girma a unguwar Karantina ta Jidda, garin da ko a tsakiyar hunturu sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Amma sai ga shi, yana da shekara talatin da huɗu, zamansa a garin da aka binne cibiyarsa ya zo ya rataya a kan dusar ƙanƙara.

Shekara tara ya yi a wani kamfanin gine-gine, shi ke haɗa 'yan ƙananan gidajen kwali da ake nuna wa masu saye tun kafin a aza tubali. Kamfanin shi ne kafilinsa, wato shi ya tsaya masa a wajen hukuma, kuma kamfanin ya rufe. Saura wata guda da 'yan kwanaki iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare. In bai sami wanda zai karɓe shi ba, sai dai ya nufi ƙasar da fasfo ya ce tasa ce, wadda sau ɗaya tak ya taɓa takawa yana ɗan shekara shida, ya kuma dawo da zazzaɓi.

Cikin neman aiki ne ya faɗa shagon wani Othman a unguwar Ruwais. Shago ne na masu wasan yaƙi a kan tebur. Manyan mutane ne fa, injiniyoyi da malaman makaranta, wasu har da furfura a gemu, za ka gan su sun kewaye tebur suna tura 'yan sojojin roba da ba su kai ɗan yatsa ba, suna auna tazara da tef, suna jefa 'ya'yan ludo, suna gardama kamar gadon ubansu ake rabawa. Abin da shagon ya rasa shi ne mai gina musu filin daga, da tuddai da gidaje da hanyoyi. Othman ya duba hotunan aikin Abduljalil, ya ce masa akwai gasa ranar Juma'a nan da mako uku, yana son filin hunturu, ƙauyen da yaƙi ya ci, dusar ƙanƙara ta rufe shi. In 'yan wasa suka yaba, zai ɗauke shi aiki ya mayar da iƙamarsa kan shagon.

Gidaje da tuddai ba su dami Abduljalil ba, ko barci yake zai iya yanka su. Dusar ce matsala, kuma matsalar tana da suna, Hatim. Shi Hatim mai harhaɗa magunguna ne da ya yi karatun shekara bakwai a wata ƙasa mai sanyi can arewacin duniya, ya dawo da takardar shaida da ciwon gwiwa. A shagon nan, in Hatim ya ce abu bai yi kama da dusar ƙanƙara ba, magana ta ƙare, don babu wanda ya taɓa taka ta sai shi.

Sau uku Abduljalil yana kai masa gwaji a kan ɗan katako. Na farko, bekin soda da farin gam, Hatim ya ce wannan saman kek ne. Na biyu ya ƙara farin fenti, ya ce yogot. Na uku ya barbaɗa ɗan ƙyalli don ya riƙa walƙiya, ya ce ai wannan kwalliyar amarya ce. Abin haushin, in an tambaye shi me ya rage, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma bai san yadda zai faɗa ba, kawai dai ba ita ba ce. Abduljalil ya sha komawa gida yana cizon yatsa, ya kwana biyu yana kallon hotuna a waya, kuma kowane hoto fari ne fat. Sai ya yanke cewa farin nasa ne bai isa ba.

A ƙaramin ɗakin gidan da suka kama a unguwar Kurayyat bayan an rushe Karantina yake aikin. Ya yanka gidaje da farin soson da ake naɗe firji da shi, ya karya musu bango, ya ƙone musu rufi da baƙin fenti. Sannan ya dama soda da gam da fenti ya shimfiɗa a ƙasa da cokali, tun da ɗanyensa ya bi shi da busasshiyar soda yana kaɗawa ta matacin shayin mahaifiyarsa, Hajiya Latifatu, wadda ta yi kwana uku tana cigiyar matacin. Da hantsin Laraba ya gama. Filin ya fito fari tas kamar sabon harami. Da laimar Jidda, sai ya kwana biyu kafin ya bushe, wato daidai safiyar Juma'a. Ya ja ƙofa, ya roƙi Hajiya kada kowa ya shiga, ya fita sayo abin fesawa da zai riƙe garin sodar.

To, ranar ce kuma mata za su zo barka. Ƙanwarsa Mastura ta haihu, ta dawo gida jego. Hajiya Latifatu kuwa mace ce da za ta iya yafe maka komai ban da wari a gidanta ranar baƙi. Turarenta ma ba na saye ba ne, da hannunta take dafa itacen sandal da sukari da mai irin na mutanen Sudan, hayaƙinsa in ya kama mayafi sai ya yi mako bai sake shi ba. Ta turara falo, ta turara ɗakin mai jego, amma warin gam na nan yana sulalowa ta ƙarƙashin ƙofar nan. A ganinta an ce kada kowa ya shiga, ba a ce kada kasko ya shiga ba. Ta buɗe kaɗan, ta tura kaskon cike da garwashi har gindin tebur, ta zuba turare da hannu sake, ta rufe. Baƙi suka fara sallama, ta manta da shi sam.

Bayan la'asar Abduljalil ya dawo. Da ya buɗe ƙofa hayaƙi ne ya fara tarbarsa. Da ya lafa, sai ya ga kusan kashi ɗaya cikin uku na filin ya rine, wani wuri ruwan ƙasa, wani wuri rawaya-rawaya, kamar an zubar da shayi a farar riga. Ya taɓa da yatsa, ya ji danƙo. Hayaƙin sukari ya shige cikin ɗanyen gam ya zauna daram. Ko ya kankare ya sake, ba zai bushe kafin Juma'a ba.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya fara tunanin wa zai riƙa kai Hajiya asibiti in ya tafi. A haka ta same shi bayan ta raka baƙi. Sunan mahaifinta gare shi, don haka ba ta kiran sunansa.

"Babana, lafiya? Ɗakin ne fa yake wari, ga mutane za su shigo."

"Umma," ya ce a hankali, "iƙamata kika turara."

Ta san maganar shagon, amma ba ta taɓa ɗaukar cewa wannan wasan yaran ne zai riƙe mata ɗa a Jidda ba. Ta matso kusa da teburin, kuma wannan ne karo na farko da ta tsaya ta dubi abin da yake ginawa. Ta daɗe tana kallo. Can sai ta nuna wani gida mai matakala a karkace ta ce wannan ai gidan mai wankin nan ne da ke bayan gidansu a Karantina. Ta nuna na kusa da shi, mai taga biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ta ce ga nasu nan. Abduljalil ya miƙe ya duba. Wallahi bai yi da niyya ba. An ce ya gina ƙauyen da aka rushe, hannunsa ya gina wanda ya sani.

"Ranar da aka rushe unguwar nan," in ji ta, "na shanya fararen zannuwa da safe. Ka tuna yadda na kwashe su?"

Ya tuna. Jajaye ta kwashe su, ƙurar rusau ta rine su.

"To ni ban san talj ɗinku ba, dusar ƙanƙarar nan, ban taɓa ganinta ba. Amma na san hayaƙi. Ga gidaje a ƙone, an yi yaƙi, mutane sun bi ta kai da dabbobinsu, sannan ƙasa ta zauna fara fat kamar ba a taɓa hura wuta a garin ba? Wannan gefen da na ɓata ma ya fi kama da wurin da mutane suka zauna."

Ba don ya yarda da ita ba ne ya amince. Ba shi da wata hanya ce kawai. Tunda ba zai iya mayar da ɓataccen gefen fari ba, sai dai ya sa sauran ya bi shi.

Ranar Alhamis tun da safe suka duƙufa, uwa da ɗa. Ya naɗe kwali kamar mazurari, ita ta riƙe ɗan ƙaramin kasko a ƙarƙashi tana bi da hayaƙin inda ya fesa wa ruwa kaɗan. Nan fa Hajiya ta zama shugabar aiki. Ta ce hayaƙi ba ya sauka bai ɗaya, iska yake bi, ya laɓe a kusurwa, ya fi kama gefe guda na bango. Ta sa shi ya duhunta bakin ƙofofi da hanyar da ta ratsa ƙauyen, ta hana shi taɓa kan tuddai, ta ce can babu mai girki. Da ya ga abin ya fara yin ma'ana, shi ma hannunsa ya saki. Ya danna sawun ƙafa da na amalanke a kan hanya tun gam bai gama kamewa ba, ya ɗiga ɗan fenti mai sheƙi a cikin sawun kamar dusar da ta narke, ya sake kaɗa sabuwar soda kaɗan a kan rufin da ya rage. Mastura na jiyo su daga ɗakinta suna musu a kan wace kusurwa ce iska ke bugawa.

Bayan sallar Juma'a ya ɗauko filin a motar kaya, yana zaune a baya yana riƙe da shi kamar mai rakiyar mara lafiya. A shago aka ɗora shi a babban tebur, 'yan wasa suka kewaye. Kowa Hatim yake jira. Abduljalil ya ji zufa na bin bayansa duk da sanyin shagon.

Hatim ya zagaya teburin sau ɗaya. Ya durƙusa da ciwon gwiwar tasa har idonsa ya yi daidai da hanyar ƙauyen, ya daɗe a haka. Sannan ya fara magana, ba da kowa ba. Ya ce haka layin bayan masaukinsu yake zama in hunturu ya yi nisa. Safiyar farko ce kawai dusar take fara fat, ita ake ɗauka a hoto. Daga nan sai hayaƙi da takalma da ƙafar mota su mayar da ita haka, kuma a cikin wannan ya yi shekara bakwai yana tafiya. Ya ce abin da ya kasa faɗa ke nan tun farko.

Ya ɗago ya dubi Abduljalil. "Wa ya gaya maka, ya akhi?"

"Mahaifiyata."

"Ta zauna a can ne?"

"A Karantina ta zauna."

Hatim ya gyaɗa kai. Sai kuma ya sake sunkuyawa ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya tambayi ko shi kaɗai ke jin sandal. Shagon ya kwashe da dariya. Othman ya ce a duk duniya babu filin daga mai ƙamshin gidan biki sai nasu. Ya dafa kafaɗar Abduljalil.

"Halas, an gama. Lahadi ka zo da takardunka. Yalla ya shabab, a jera sojoji."

Abduljalil ya fita waje don kada a ga fuskarsa. Zafin Jidda ya rufe shi, mai nauyi da laima da warin teku, kuma bai taɓa jin daɗin zafin nan kamar yau ba. Ya jingina da bango ya sauke numfashin da ya yi mako uku yana riƙe da shi. Sannan ya kira Hajiya.

Ta yi hamdala sau uku. Ta yi gyaran murya ta ce to ya tabbata ya dawo mata da matacinta, kuma filin gaba ya faɗa mata da wuri don ta dafa turare isasshe. Har zai kashe wayar ta sake kiransa.

"Babana, gidan namu fa? Yana nan?"

Ya juya ya leƙa ta gilashin shagon. An fara wasa. Wani mai furfura ya kwashi sojojinsa biyar ya cusa su cikin gidan mai taga biyu, ya ajiye ɗaya a bakin doguwar tagar, daidai inda Hajiya ke tsayawa da can tana ƙwala masa kira ya shigo cin abinci.

"Yana nan, Umma," ya ce. "Har da mutane a ciki."