Ranar da Na Yi wa Baba Tambayoyin Sigari

A gidanmu da ke Unguwar Kanawa, Baba bai taɓa shan sigari ba. Shago yake zuwa dubawa. Da zarar ya ci abinci sai ya miƙe ya ce bari ya duba shago, ya yi minti goma a bayan katanga, ya dawo da goro a baki yana warin abin da kowa ya sani. Shagon waldarsa kuwa yana can Hayin Banki, sai an hau Keke Napep. Shekarata ashirin da shida a gidan nan, ban taɓa jin wanda ya tambaye shi yadda ya samu shagon ba.

Ni ce 'yar fari, don haka ni da shi ba ma hira. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma Baba ya riƙe ta da hannu bibbiyu. Ba ya kiran sunana, ba ya haɗa ido da ni, a gaban baƙi kuwa ba ya nuna ya san ni. In yana son ruwan alwala sai ya ce wa tsakar gida, "A ce wa waccan ta kawo buta." Inna ce ke isar da saƙon, ko da ina tsaye a gefenta. Wata takwas ke nan da rasuwar Inna. Ƙannena biyu suna karatu a Zariya, sai ni da shi a gidan, da gaisuwar safe da ta yamma.

Na ga yana ramewa. Na ga duba shagon ya tashi daga sau huɗu ya koma ba adadi. Wani lokaci sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna ya ƙura wa ƙasa ido har abinci ya huce. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba ni da bakin da zan tambaye shi abin da ke ransa.

Aikina kuwa tambaya ne. Dakta Hasiya, masaniyar halayyar ɗan Adam, tana bincike a kan yadda shan taba ke tafiya tare da ciwon damuwa. Ta ɗauke mu mu uku, muna cika wa mashaya sigari takardar tambayoyi a wani ƙaramin asibiti kusa da Kawo. Tun ranar farko ta ja mana kunne cewa ba a yi wa ɗan'uwa tambayoyin nan, wanda ya yi kuwa ya bar aikin. Ta kuma ce duk wanda amsarsa ga tambayar ƙarshe ta nuna haɗari, kada a bari ya fita sai ta gan shi da kanta.

Wata Talata da hantsi na ɗaga kai na ga Baba a kan benci, cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Abokinsa Mamman mai faci ne ya jawo shi, don ya ji ana auna hawan jini kyauta. Mamman ba ya shan taba, amma ba ya iya barin abin kyauta ya wuce shi.

Dakta ta duba takardarta. "Sule Mai-walda, lamba goma sha bakwai. Yasmin, naki ne." A takardun ofis ni Yasmin Sulaiman ce, kuma Sulaiman a Kaduna ba abin mamaki ba ne. Ta juya wurinsa. "Malam, ga malamar da za ta yi maka tambayoyi."

Baba ya dubi kalandar da ke bango, ya ce, "Sannu da aiki, Malama."

Shi dai ba zai iya buɗe baki ya ce wa baƙuwa ga 'yarsa ta fari ba, ko da za a yanka shi. Ni zan iya. Kalma biyu ce kacal. Ban faɗa ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Takardar da ke hannuna ita kaɗai ce hanyar da na taɓa samu ta tambayar mutumin nan ya yake.

Muka shiga ƙaramin ɗakin, na tura ƙofa. Tebur ɗaya, kujeru biyu, fanka ba wuta. Ya ja kujerarsa ya karkatar da ita wajen taga, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na karanta masa bayanin farko kamar yadda nake karanta wa kowa: ba dole, yana iya tsayawa duk lokacin da ya so, kuma abin da ya faɗa ba zai wuce ni da likita ba. Ya ce wa taga ya amince.

"Malam, kana shan sigari?"

"Ana taɓawa."

Na sa alama a kan e.

"Bayan ka tashi daga barci, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko?"

"Sai an sallame asuba."

"Wato kamar minti nawa?"

"Ya danganta da limamin. In Malam Ɗanladi ne, da sauƙi. In na'ibinsa ne, sai haƙuri."

Babu gurbin limami a takardar, sai na zaɓi talatin zuwa sittin.

"Kara nawa kake sha a rana?"

"Da, biyar. Shekara talatin ban wuce biyar ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu mai tebur ya daina buɗe mini kwali. Miƙo shi yake yi gaba ɗaya."

"Yana yi maka wuya ka haƙura a inda aka hana shan taba?"

"A gidana kaɗai ba na sha."

"An hana ne?"

"Ba wanda ya hana. Akwai yarinya a gidan."

Na duƙar da kai na gyara murfin biro, wanda ba abin da ya same shi. Daga nan muka shiga shafi na biyu, inda ake tambayar abin da mutum ya ji a cikin mako biyun da suka wuce. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: ko kaɗan, wasu ranaku, fiye da rabin ranakun, kusan kullum. Maza da yawa a nan suke fara duba agogo. Baba ya gyara zama.

Barci? Ya ce yana kwanciya. Na ce barcin nake tambaya. Ya ce to a sa wasu ranaku. Sha'awar aiki? Ya ce ƙofa ɗaya ya yi sati uku yana haɗawa, mai ita ya gaji ya zo ya kwashe ƙarafansa.

"Cin abinci fa?"

"Ana kawo mini shago kullum da rana. Abinci mai kyau, ba laifi."

"Kana ci?"

"Mamman yana ci."

Wata takwas ina tashi tun da sassafe ina girki, kwano yana dawowa fes ina jin daɗi. Na tuna yadda Mamman ya cika benci ɗazu, har da sabon wuya. Raina ya ɓaci, na ji kamar in fita in shaƙe shi. A gurbin rashin cin abinci na sa alama a kan kusan kullum.

"Me kake ji kafin ka kunna sigari?"

A waje wani mai lemo yana ta rantsuwa da zaƙin kayansa.

"Ba don daɗi ba ne, Malama. Daɗin ya ƙare tuntuni. Minti biyar ne da mutum yake da abin yi. In ta ƙare sai ka ga sauran ranar tana nan tana jiranka."

Na rubuta shi yadda ya faɗa, harafi da harafi, don Dakta tana son maganar mutane da bakinsu. Saura tambaya ɗaya. Na karanta wa mutane da yawa ita kafin shi, murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Yau sai da na bi layin da ido sau biyu kafin na karanta.

"A cikin mako biyun nan, ka taɓa jin cewa gara a ce ba ka raye?"

"Musulmi ba ya kashe kansa."

"Haka ne, Malam. Amma tunanin nake tambaya, ko yana zuwa."

Ya juya hular da ke gwiwarsa, ya sake juya ta.

"Karanto mini amsoshin nan kuma."

Na karanto, ɗaya bayan ɗaya.

"Sa ta ƙarshen."

Na sa. Biron ya huda takardar. Hawaye ya cika mini ido har layukan suka haɗe, amma ban bari ya sauko ba, don malama ba ta kuka a gaban wanda take yi wa tambayoyi. Na san abin da ya rage. Zan je in kira Dakta, za ta tambayi wanda yake zaune da shi a gida, kuma daga amsar nan aikina ya ƙare. Ko a jikina.

"Malam, ka ɗan jira. Likita za ta zo ta gan ka yanzu. Ana samun sauƙin wannan, da yardar Allah."

"To."

Na miƙe, na kai hannu ga ƙofa.

"Malama."

"Na'am."

"Kin ce maganar nan daga ke sai likita."

"Haka ne."

"Ina da 'ya a gida. Tana ƙoƙari ƙwarai, ita kaɗai ce a kan komai. Don Allah kada ta ji."

Har lokacin taga yake kallo. Na tsaya riƙe da ƙofar sai da na tabbata muryata za ta fito daidai.

"Ba za ta ji ba, Malam," na ce.

Sannan na fita na je na ƙwanƙwasa ofishin Dakta Hasiya.